Lagireton Nomau

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Rijiyar gidanmu ta ja baya har sai da muka ƙara wa guga igiya. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba a Sabon Birni. Hanya ta lalace, ba lalacewar kwalta ba, ta mutanen daji. Kasuwa ta ci yau, gobe a ce ba ta ci. Motocin da ke kai gero da bisashe garin Isa da ƙetaren iyaka suka ragu. Wasu direbobi suka sayar da nasu suka koma kabu-kabu, wasu suka bar gari. Waɗanda suka rage ba mai son tsayawa a hanya ko don kama ruwa. A shekara irin wannan, motar da ke zubar da ruwa ba ƙaramar magana ba ce.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin bakin tasha, da na ji kuna cewa gyaran lagireto ba sana'a ba ce, gam ne kawai da yatsa. Ban ji haushi ba, ɗiyana. Liƙewa kam ba ta da wuya. Neman inda za a liƙe shi ne aikin, shi ne kuma ba a gani daga bakin titi.

Ga wanda bai sani ba, lagireto shi ne abin nan mai kama da saƙar zuma da ke gaban inji. Ruwan da ya kwaso zafin inji yakan bi ta cikin siraran jijiyoyinsa, iska ta fifita shi, ya huce ya koma. In ya sami huda ko da ta kai bakin allura, ruwa zai riƙa raguwa, inji ya tafasa, mota ta tsaya inda Allah ya tsayar da ita.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai wannan aiki a tashar garinmu. Direbobi na ce masa Baba, ni ina ce masa Malam. Rumfarsa tana tasha, amma tasha ba ruwa, gida kuwa akwai rijiya. Don haka can yake kwance lagireto daga mota, ya ɗauko shi gida a wanke a gwada. Ta nan sana'ar ta iske ni har tsakar gida, ban fita nemanta ba.

Na farko da na taɓa na wata tsohuwar a-kori-kura ne mai ɗauko albasa daga Gangara. Ina goye da ɗana na biyu, Malam ya ce in taya shi jan ruwa. Da muka wanke laka da matattun fari daga cikin saƙar, sai ya yanko tsohon tif na taya ya ɗaure bakin sama da na ƙasa tam, ya bar ɗan bakin tif na keke a jiki. Ya nutsa lagireton cikin rabin duro cike da ruwa, ya ɗauko famfon keke ya fara ba shi iska. Nan take kumfa ta taso ko'ina. Na ce, "Malam, ai wannan duk ya ruɓe."

Ya yi dariya ya ce, "Kulu, wagga kumfar ƙarya ta. Jira ruwa shi kwanta."

Wannan shi ne karatuna na farko, ya kuma fi na ajin yaƙi da jahilci wuya. Iskar da ta maƙale a saƙa takan taso ta nan ta taso ta can, manya da ƙanana, sannan ta ƙare. Kumfar gaskiya kuwa wuri ɗaya take fitowa, ƙanana, a jere kamar duwatsun wuya, kuma ba ta gajiya muddin da iska a ciki. Wani lokaci sai ka ƙura ido har wuyanka ya sage kafin ƙwaya ɗaya ta ɓullo. Ba a gwaji yara na guje-guje kusa da duro. Ba a gwaji inuwar mutum na kan ruwa. Goyon da ke bayana ma sai da ya koyi yin shiru.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ban da duro da famfo, akwai burushin waya, da tsinken tsohuwar laima na zurara wa jijiyar da ta toshe, da alli na yin shaida, da ƙarfen dalma mai kan jan ƙarfe da ake turawa cikin garwashi, da ruwan batir a 'yar kwalba wadda nake ɓoyewa bisa katanga saboda yara. Lagireton lokacin na jan ƙarfe ne, yana karɓar dalma. Naku na yanzu rabi roba rabi goran ruwa, shi ya sa kuka saba da gam. Amma huda ba ta canza hali ba.

Masu kawo aiki kuwa kowa da irin tasa. Direba in ruwa ya fara zuba a hanya, abin da hannunsa ya kai shi yake durawa. Wani ya fasa ƙwai, wani garin taba, wani sabulu, wani garin kuka. Abin yakan toshe hudar na ɗan lokaci, ya kuma toshe jijiyoyin da ba su yi laifin komai ba. Ba abin da Malam ya tsana kamar wannan. Mutum ne mai sanyi, amma in ya tuntsurar da lagireto ya ga ruwan ya fito da kala, sai ya fita zaure ya wanke mai shi tas. "Mota ta ko tukunya? In girki kaka so, ka zo in ba ka muciya." Dattawa masu gemu suna sunkuyar da kai a gabansa kamar yara. Suna jin tsoron faɗan nan, suna kuma dawowa, don aikinsa ba ya komowa.

Tun kafin waccan bazara yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko sai ya ce in duba masa, wai hasken rana ya yi yawa kan ruwan. Daga baya ya daina ba da dalili, ni ma ban tambaya ba. Shi ke ba da iska, ni ke kallo. In na ga wurin sai in yi shaida da alli, in kama yatsansa in ɗora a kai. Daga nan hannunsa ya san sauran. Zai kankare, ya ɗiga ruwan batir, ya ɗauko ƙarfe daga wuta, ni kuma ina gefe ina cewa, "Hagu kaɗan. Ta kwanta. Ɗaga." In an gama ya ɗauka ya fita da shi zaure, mai mota ya yi godiya. Ba wanda ya san akwai hannun mutum biyu a aikin. A garinmu ba a saba jin mace a harkar mota ba, kuma mai sana'ar da aka ce idonsa ya tafi, sana'arsa ta bi shi.

Nomau direba ne mai a-kori-kura, yana jigilar mutane da buhuna tsakanin Sabon Birni da Isa. Tun yana yaron mota yake shigowa gidanmu shan ruwa, yana ce mini Inna. A shekarar nan yana cikin 'yan kaɗan da ba su ajiye tuƙi ba, kuma duk wanda ya rage a tasha yana jin maganarsa.

Ya kawo lagiretonsa ya ce yana rage ruwa. Muka wanke, ruwa ya fito fari tas. Muka nutsa a duro, na duba har na gaji, ko ƙwaya. Malam ya bi shi tasha ya lalube tiyo na sama da na ƙasa, ya girgiza famfon ruwa, ya canza masa murfi, ya ce ya tafi. Kwana kaɗan ya dawo. Muka sake gwadawa, shiru. Malam ya sa ya zaro ƙarfen awon mai ya duba ko man ya yi fari kamar nono, don in ya yi haka ruwa cikin inji yake shiga. Man baƙi ƙirin, lafiya lau.

Zuwansa na uku ina bayan zaure ina tankaɗe, na ji ya dire lagireton a ƙasa da ƙarfi.

"Baba, ta sake. Bayan garin Turba ta tahasa, ga mata ga ɗiya cikin mota, dajin nan kuwa ka san shi. Wata tsohuwa salati takai har munka iso."

"Daga ina tururin ka hita?"

"Daga bisa, wajen wuya. Da idona na gani." Sai ya rage murya. "Baba, mutane na magana tasha. Sun ce ido ya gaza. Ni ban ce ba, wallahi ban ce ba. Amma rayukan mutane nika ɗauka. In ta sake, dole za ni kai shi Isa, kuma in sun tambaye ni ba ni iya ɓoyewa."

Malam ya ce, "Gaskiyarka. Bar shi nan, ka komo bayan la'asar."

Kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi. In Nomau ya kai aiki Isa, sauran za su bi shi, kuma a shekarar ba wata ƙofa da abinci ke shigo mana sai wannan.

Malam ya shigo rungume da lagireton, ya zauna kan turmi. Ya ce, "Kulu, ko naki idon ma ya bi nawa?"

Na ce, "Nawa na nan, Malam. Lagireton na bai son magana."

Muka ɗaure, muka nutsa, ya ba shi iska. Na jira ruwa ya kwanta. Na bi wuya, na bi haɗin tankin sama, na juya shi na bi ta baya. Ruwa lumui, har ina ganin fuskata a ciki.

Lokacin tukunyar tuwo na kan murhu, ruwan ya fara tsuwa. Sai na tuna abin da kowace mace ta sani. Akwai tukunyar da za ta riƙe ruwan sanyi kwana da kwanaki, ranar da ta hau wuta ranar za ta fara hawaye. Mu kullum da ruwan rijiya muke wanki da gwaji, motar Nomau kuwa ba ta zuba sai ta yi zafi. Na ce wa Malam za ni gwada wani abu. Ya ce, "Gwada, ba abin da ya rage a ɓata."

Na kwance ɗaurin sama, na jingina lagireton da katanga, na juye masa ruwan tuwon nan yana tafasa. Na tsaya. Tururi ya taso ya bugi fuskata. Na sake sunkuyawa na shaƙa.

"Malam, kana jin abin da nika ji?"

Ya ɗaga hanci. "Wa ka kaɗa miya da rana tsaka haka?"

"Ba kowa. Lagireton Nomau na."

Miyar kuka ce sak, daddawa kawai ta rasa. Malam ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariya tun kafin hanya ta lalace.

Na toshe, na girgiza da tsumma a hannu, na tuntsurar. Ruwa ya fito da yauƙi, kore-kore baƙi-baƙi, yana jan zare. Na sake ɗora wani ruwan, na sake durawa, har sai da ya fito ba santsi. Tuwon rana ranar sai da ya zama na yamma, yara suka yi ta leƙen madafa. Da sauran ɗuminsa muka ɗaure muka nutsa shi. Malam bai gama ba da iska ba na ga kumfar. Siririya, a jere, daga ƙarƙashin wuya inda ya haɗu da tankin sama. Tsaga ce kamar silin gashi. Kuka ta shige ta ta bushe, ruwan sanyi ba ya motsa ta, iskar famfon keke ba ta iya ture ta. Sai mota ta ɗau zafi kukar ta narke, ruwa ya samu hanya.

Na yi shaida, na kama yatsansa na ɗora. Ya shafa wurin a hankali ya ce, "Ashe nan kika ɓoye." Ya kankare har jan ƙarfen ya yi haske, na hura masa garwashi. Dalma ta bi wuyan ta zagaye, ta kwanta sumul. Muka sake gwadawa da zafi, muka gwada da sanyi. Ruwa bai motsa ba.

Bayan la'asar Nomau ya yi sallama. Ina bayan zaure ina tsintar wake, ina jinsu.

Malam ya ce, "Nomau, wace ta ba ka kuka?"

Nomau ya gyara murya. Can ya ce, "Wata mata ta, Baba, mai kai kuka kasuwa. Tun ran farko. Ta ga ina tsaye cikin daji ta ce in zuba. Kuma ta kai mu gida. Tun ran nan ba ni rabo da ƙulli cikin mota."

"In ta zuba ka ɗura, in ka iso ka kawo min. To ƙaƙa ruwa ka hita fari?"

"Wankewa nikai, Baba. Bakin famfon masallaci. In ɗauraye, in ɗauraye, in shanya shi rana, kannan in kawo." Muryarsa ta koma ta yaron motar da na sani. "Kunyarka nika ji. Na san halinka da masu zuba kuka. Ban so ka ce min tukunya nika tuƙi."

"Kai dai Nomau. Kunya ta kusa kwana da kai daji, da kai da matan mutane. Faɗana bai taɓa kashe kowa ba."

"Na tuba, Baba." Sai kuma ya saki dariya, nauyi ya sauka. "Amma aradu ido na nan! Tsaga kamar gashi ka gano ta? Yanzun nan za ni tasha in rufe bakin kowa. Za ni ce musu idon Baba ya fi na shaho."

Na ci gaba da tsintar wake, ina cewa a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Sai na ji Malam ya ce, "Zauna. Kada ka kai musu ƙarya. Gaskiya sunka faɗi, idona ya daɗe da tahiya. Yanzu haka inuwarka nika gani, ba fuskarka ba. Kuna ɗaukar rayuka, ya kamata ku san wa ka duba muku." Ya ɗaga murya. "Kulu! Zo ki gaya mishi abin da kinka gani."

Ban taɓa shiga zaure ana maganar aiki ba. Na ja mayafi na tsaya daga bakin ƙofa. Nomau ya dube ni, ya dubi Malam, ya dubi hannuwana da suka yi baƙi da tsatsa.

"Inna? Ke ta?"

Malam ya ce, "Ita ka gani, ni ka liƙewa. Duk wanda kunka ɗauka nan 'yan shekarun nan, ta ƙarƙashin idonta ya bi. Ka faɗa musu haka. Wanda bai so, Isa ba ta da nisa."

Nomau ya riƙe baki. Can ya ce, "Ashe mai miya ta kama ni. Inna, da kin bari na kawo tuwo."

Na ce, "Tuwonmu ma lagiretonka ya shanye ruwan shi."

Muka yi dariya mu uku. Sannan na ce masa ban gama ba. Lagireto na gani, ban ga mota ba, kuma wanda ya yi ta tafasa haka yakan gajiyar da tiyo. Na ce ya ɗaura, ya cika da ruwa mai kyau, ya zagaya gari har ta yi zafi, ya kawo ta ƙofar gida ta kwana. Ya dubi Malam. Malam ya ce, "Mi kaka dubana? Ka ji mai aiki."

Kafin magariba na sa aka share ƙofar gida, aka baza rairayi mai laushi. Nomau ya ajiye motar a kai ya tafi tasha da ƙafa. Abin da ya faɗa can, da yadda suka karɓa, ba mu sani ba. Malam ya ci tuwonsa, ya ce miya ta yi gishiri daidai.

Washegari da na idar da sallar asuba, na jira gari ya yi haske, na yafa mayafi na fita. Nomau na tsaye, tare da direbobi uku da suka ce wai hanya ce ta biyo da su. Maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Na gaishe su, na durƙusa na duba ƙarƙashin motar. Rairayi a bushe, sai sawun ƙadangare. Na ce ya buɗe gaba. Tun da inji da sanyi na buɗe murfi, ruwa na nan a wuya inda aka bar shi. Na bi tiyo na sama da hannu, na bi na ƙasa, na iske ɗaurinsa ya yi sako-sako, na sa ya ƙara masa ƙarfi. Na rufe, na ce ya tada ta. Muka tsaya har ta yi zafi, ina kallon wuyan nan. Dalmar Malam ba ta yi ko gumi ba.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo ƙullin."

Ya zaro kukar daga ƙarƙashin kujera ya ba ni, abokansa na dariya. Na ce, "Tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Ɗaya daga cikin direbobin, dattijo mai kai kaya ƙetare, ya koma bayan bishiya ya ɗauko wani lagireto da ya jingine tun zuwansa. Ya nufi Malam da ke zaune bakin zaure. Malam ya ji takunsa ya ce, "Ba ni ba. Ba ta."

Na karɓa, na tambaye shi abin da ya zuba a ciki. Ya sosa ƙeya ya ce ƙwai biyu. Na shiga da shi gida, na ɗora ruwa a wuta.